Kaffu Maryam da Hajiya ta kawo daga Makka: mene ne shi, kuma mai ciki za ta iya sha?

Wata baiwar Allah ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Surukata ta dawo daga aikin Hajji, cikin tsarabarta har da wani busasshen icce a dunƙule kamar hannun da aka damƙe, ta ce sunansa Kaffu Maryam. Mun jiƙa guda a kwano da hantsi, kafin azahar ya buɗe. Ina da ciki wata takwas, kuma na fari ne. Hajiya ta ce in adana sauran, ranar da naƙuda ta tashi a jiƙa in sha ruwan, wai yadda ya buɗe haka mahaifa za ta buɗe. Wane irin tsiro ne wannan? Da gaske yana farfaɗowa bayan ya mutu? In sha ko kada in sha?"

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya karɓi ibadar Hajiya, ke kuma ya sauke ki lafiya. Tun da cikinki ya tsufa, bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ki sha, ko yanzu ko ranar naƙuda. Dalilan suna nan tafe, amma sai kin san tsiron kansa za ki fi ganin inda maganar ta dosa. Kuma tsiro ne da ya cancanci a san shi, don na daɗe ina koyar da ilimin tsirrai, kaɗan ne daga cikin abubuwan da nake ɗorawa a tebur suke sa ɗalibai su yi tsit kamar shi.

Sunansa a wurin masana Anastatica hierochuntica. Carl Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, shi ya rubuta shi da wannan suna a 1753. Kalmar farko daga Girkanci take, ma'anarta tashi bayan mutuwa, ta biyu kuma tana nufin garin Ariha na Falasɗinu, tsohon garin nan da ke cikin kwari kusa da Tekun Luɗu. Larabawa suna ce masa Kaffu Maryam, wato tafin hannun Maryam, wasu su ce Shajaratu Maryam. Mutanen Malesiya da Indonesiya, waɗanda su ma suke sayensa a Makka kamar alhazanmu, da Nana Faɗima suke danganta shi. Gidansa hamada ce, tun daga Muritaniya da Maroko, ta Aljeriya da Libiya da Masar, har Urdun da Iraƙi da ƙasar Larabawa, ya dangana da Iran da Pakistan. Ba kasafai yake fita a kan tulin rairayi ba. Ya fi son tsakuwa da marmara, cikin busassun ƙoramu da 'yan ƙananan kwazazzabai inda ruwa ke ɗan taruwa in an yi sa'a an yi ruwan sama, a wuraren da wani lokaci ruwan shekara guda bai kai milimita 100 ba.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne danginsa. Ɗan gidan su kabeji ne, kuma ɗan'uwan lansir ɗin da kike yankawa a kwaɗo. Dangi ne babba, mai nau'i sama da 3,700, kuma alamarsu ɗaya ce duk inda suke: furensu ganye huɗu gare shi a gicciye, da 'yan sandunan gari guda shida a ciki, huɗu dogaye biyu gajeru. Cikinsu akwai hardal, ƙwayar nan da Alƙur'ani ya buga misali da ƙanƙantarta, wadda masu tafsirinmu kan fassara da ƙwayar komayya don mu gane. Yajin nan da ke hawa hanci in kin tauna lansir, shi ma gadon gida ne, makamin da suke korar ƙwari da shi. In kika kankare saiwar zogale kika sunsuna za ki ji irinsa, domin zogale da gasaya da anza duk dangi ne na nesa. A arewacin Nijar ma akwai wani ɗan gidan mai fure launin shunayya da Buzaye ke kira alwat, wanda raƙuma ke kiwo a kansa lokacin sanyi su daɗe ba su nemi rijiya ba.

Da ransa, Kaffu Maryam ba abin kallo ba ne. Ɗan tsiro ne mai launin toka-toka saboda gashin da ya rufe shi, tsayinsa ba ya cika wuce santimita 15, rassansa a baje a ƙasa kamar faifai, furensa fari ƙanƙane wanda sai kin sunkuya za ki gan shi. A yawancin ƙasashen da yake fita, ruwa da sanyi yake zuwa, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, saɓanin namu. Da ruwa ya sauka sai ya tsiro, ya yi sauri ya yi fure ya yi 'ya'ya kafin ƙasa ta bushe. Girmansa gwargwadon ruwan da ya samu: wanda ya faɗa a fako yana iya ƙarewa bai fi kan yatsa ba da 'yan kwanso ƙalilan, wanda ya dace da gindin ƙorama kuwa sai ya cika tafin hannu biyu da ɗaruruwan kwanso. Daga nan zafi ya shigo, ganyen ya zube, rassan su zama icce, su lanƙwaso ciki su haɗe kai kamar yatsu. Shi ke nan ya mutu. Rayuwarsa duka ba ta wuce 'yan watanni.

To, abin da Hajiya ta kawo miki gawarsa ce, kuma a nan ne hikimar take. Yawancin tsirran da muka sani bushewa ce ke buɗe kwansonsu. Ki tuna riɗi: in aka bar shi ya bushe a gona sai bakin kwanson ya tsage, tsaba ta zube, shi ya sa ake yanke shi da sauran ɗanyantaka a jingina. Wannan dabara ta dace da ƙasar da damina ke zuwa kowace shekara, tsaba ta kwanta a ƙasa wata bakwai ko takwas ta san ruwa na tafe. A hamadar da ake iya shekara biyu ko uku ba a ga ruwan kirki ba, tsabar da ta zube a ƙasa ta zama abincin tururuwa da tsuntsaye da ɓeraye. Sai wannan tsiro ya juya lissafin: bushewa ke rufe shi, jiƙa ke buɗe shi. Uwar ta mutu, amma ta mutu da 'ya'yanta a damƙe a hannu, kuma tana iya riƙe su shekaru suna nan da ransu.

Yadda buɗewar ke faruwa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Kin san yadda ƙofar katako ke cijewa da damina ta ƙi rufuwa, rani na yi ta saki. Icce yana shan ruwa ya kumbura ko da ya shekara hamsin da sarewa. A reshen Kaffu Maryam, gefen ciki da gefen waje ba su da saƙa iri ɗaya, saboda haka in ruwa ya ratsa, gefe ɗaya ya fi ɗaya kumbura, dole reshen ya miƙe. In ya bushe ya koma yadda yake. Ki gwada da takarda: ki shafa ruwa a fuska ɗaya kawai, ki ga yadda za ta nannaɗe. Shi ya sa za ki iya jiƙa shi yau, ki shanya, ki sake jiƙawa bayan shekara, ya sake buɗewa. Ko da tafasa shi kika yi zai buɗe, har ma ya fi sauri a ruwan ɗumi. Abin da ke da rai ba ya jure tafasa. Saboda haka amsar tambayarki ta biyu ita ce a'a, ba ya farfaɗowa, kuma in kin lura da wanda kuka jiƙa, bai yi kore ba, launin iccensa kawai ya ƙara duhu.

Akwai wani da ake rikita su, wanda ake tallansa a intanet da sunan furen Ariha. Shi wannan sunansa Selaginella lepidophylla, daga hamadar Chihuahua ta Meziko da kudancin ƙasar Amurka yake, ba shi da alaƙa da ƙasar Larabawa, ba ya ma fure sam. Kamanninsa kamar gashin tsuntsu ne mai laushi a nannaɗe, in aka jiƙa shi sai ya baje ya yi kore, don shi kam yana iya bushewa ƙayau bai mutu ba. Naki mai tauri ne, mai rassa kamar yatsu da saiwa guda doguwa a ƙasa.

Ina so ki ɗauki wanda kuka jiƙa ki duba cikinsa a wurin haske. A jikin rassan za ki ga 'yan ƙulle-ƙulle masu gashi, ba su kai ƙwayar wake ba, kowanne da 'yan kunnuwa biyu kamar ƙananan cokula. Waɗannan su ne kwanson, kowanne da tsaba da ba ta wuce huɗu ba. Buɗewar rassan kaɗai ba ta isa ta fitar da tsabar. Sai ɗigon ruwan sama ya faɗo da ƙarfi ya bugi wannan ɗan cokali, murfin ya ɓalle, tsaba ta faɗo. Kin ga makulli biyu ke nan. Raɓa ko yayyafi ba za su buɗe rassan sosai ba, in ma sun buɗe, sai ruwa mai nauyi zai fasa kwanson. Na kan nuna wa ɗalibai wannan da sirinji: mu jiƙa shi a tasa har ya buɗe, sannan wani ya hau kujera yana ɗigo ruwa daga sama. Da ɗigon ya sami kunnen sai ka ga murfi ya yi tsalle. Tsabar da ta faɗo cikin 'yan mintoci take yin yauƙi, kamar yadda tsabar lansir ke yi in an jiƙa ta, kuma da wannan yauƙin take mannewa a ƙasa ta riƙe danshi. A cikin yini guda, wani lokaci ƙasa da haka, sai ki ga farin ɗan saiwa ya leƙo. A wurin da ƙasa ke bushewa cikin kwana biyu, wanda ya yi nawa ya rasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya sakin 'ya'yansa duka a ruwa ɗaya. Na bakin waje su ke fara fita, na can ciki su jira wani ruwan, wata shekarar. In ruwan farko ya yaudare su, wato ya sauka sau ɗaya ya ɗauke, waɗanda suka tsiro suka ƙone, akwai sauran iri a rumbu. Manomin da ya taɓa yin shuka da ruwan farko ya yi asarar iri ya san darajar wannan. Wasu masana biyu, Jacob Friedman da Zipporah Stein, sun bibiyi tsiron a hamadar Naƙab da ke kudancin Isra'ila suka wallafa bincikensu a 1980, suka nuna yadda ƙaramin ruwa ke zubar da tsaba a gindin uwar, babban ruwa mai gudu kuma ya kwashe ta zuwa gaba cikin ƙorama. Labarin da ake yawan bayarwa cewa iska na tumɓuke shi yana gangarawa cikin hamada yana neman ruwa, galibi ƙari ne. Saiwarsa doguwa ce mai ƙarfi, takan riƙe gawar a inda take shekara da shekaru, kuma hakan ya fi masa, domin wurin da uwa ta rayu har ta yi 'ya'ya wuri ne da aka riga aka gwada. Wannan kuma yana nufin duk guda ɗaya da aka tumɓuke aka kai kasuwa, an kwashe irin shekaru masu yawa daga wurin. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga an tula shi buhu-buhu.

Yanzu mu dawo kan naƙuda. Al'adar jiƙa shi a gaban mai haihuwa tsohuwa ce ƙwarai, kuma ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Kiristocin Turai da suka riƙa zuwa ziyara Baitul Muƙaddas ɗaruruwan shekaru da suka wuce sun riƙa komawa gida da shi, matansu na ajiye shi a ruwa lokacin haihuwa. Tunanin ɗaya ne ko'ina: abin da ya buɗe zai jawo buɗewa. Ana kuma ba da labarin cewa shi Nana Maryam ta damƙa lokacin da naƙuda ta kama ta. Ni ba malamin addini ba ne, amma Suratu Maryam a buɗe take ga kowa, daga aya ta 23 zuwa ta 26, kuma itacen da aka ambata a wurin dabino ne: naƙuda ta kai ta gindin dabino, aka ce ta girgiza shi nunannun 'ya'ya su zubo mata, ta ci ta sha. Ki tambayi malaman unguwarku, za su tabbatar miki.

Ta fuskar bincike, an samu sinadarai da dama a jikinsa. Masana a Japan sun fitar da wasu sababbi guda biyu a 2003 suka sa musu suna anastatin, suka ga suna kare ƙwayoyin hantar ɓera da aka raina a ɗakin gwaji daga wata guba. Wasu gwaje-gwajen a kan dabbobi sun nuna ruwansa na taɓa sinadaran jikin mace da ke tafiyar da mahaifa. Amma duk wannan a ɗakin gwaji ne da jikin dabba. Babu wani ingantaccen gwaji a kan mata masu ciki da ya nuna yana sauƙaƙa haihuwa, ko ya nuna adadin da ba zai cutar ba. Kuma a Indonesiya, inda mata da yawa ke shan sa, likitocin haihuwa sun daɗe suna gargaɗi a kansa saboda matan da ake kawo musu da naƙuda mai tsanani fiye da kima bayan sun sha.

Ki duba lamarin ta fuska biyu. In ba ya aiki, kin sha ruwan busasshen icce da ya kwashi ƙurar hamada da ta kasuwa, ya kwana a buhu, wataƙila da fumfuna a lungunansa, a ranar da jikinki ya fi bukatar tsabta. In kuma yana aiki, to nan ne tsorona yake. Maganin da ke ƙara ƙarfin naƙuda yana cikin magungunan da ake fi kaffa-kaffa da su a asibiti. Ruwan naƙudar da ake ɗaura wa mata, ɗigo-ɗigo ake sakinsa, ma'aikaciya na tsaye tana ƙirga sau nawa mara ke ɗaurewa cikin minti goma, tana sauraren bugun zuciyar jariri, in ya yi yawa ta rage ko ta rufe nan take. Dalili shi ne duk lokacin da mahaifa ta matse, jinin da ke kai wa jariri iska yana raguwa, sai ta saki yake samun numfasawa. In matsewar ta zo a jere babu hutu, jariri ya galabaita. Wanda kika sha a kofi kuwa ba a san ƙarfinsa ba, don wani dunƙulen ya fi wani, wani an jiƙa shi awa ɗaya wani ya kwana, kuma in ya shiga ciki babu mai iya rufe shi.

Sannan ba kowace doguwar naƙuda ce rashin ƙarfi ke kawo ta ba. Wani lokaci kan jariri ya fi ƙugun uwa, wani lokaci ya kwanta a gicciye ko ya zo da ɗuwawu, wani lokaci mabiyiya ce ta tare hanya. A irin wannan hali ƙara wa mahaifa ƙarfi kamar a tura mota ne alhali gabanta bango. Abin da ke biyo baya mun san shi a garuruwanmu: fashewar mahaifa, zubar jini, rasa jariri, ko yoyon fitsari saboda kan yaro ya daɗe yana danne mafitsara. Mai cikin fari kamarki ba a riga an san yadda ƙugunta zai yi da kan jariri ba, wadda kuma aka taɓa yi wa aiki tana da tabo a mahaifa da zai iya buɗewa. Ko da ba a sha ba, akwai wata illar da na fi jin tsoro saboda ba a ganinta: a mayar da shi agogo. A jiƙa shi a ajiye, a ce bari mu ga ya gama buɗewa tukuna. Shi zai buɗe cikin awa biyu ko uku ko da a gidan babu mai ciki, ko da namiji ne ya jiƙa shi. Bakin mahaifa kuwa sai ya kai santimita 10, kuma a haihuwar fari hakan na iya cin awanni da yawa, babu mai sanin inda aka kai sai wadda ta iya dubawa. Awannin da aka ɓata ana kallon kwano su ne waɗanda ake nema daga baya a kan hanyar asibiti.

Na san abin da ke ranki bai wuce yadda za ki ƙi maganar Hajiya ba, kuma ba na so ki ɗauke ta a matsayin mai son cutar da ke. Tun daga Makka ta ɗauko abin nan ta sa a jakarta saboda ke da jikanta, wannan ƙauna ce. Ki karɓa hannu biyu ki yi godiya. Sai ki sa maigidanki a maganar, don ɗa ya fi suruka sanin yadda zai shawo kan mahaifiyarsa. Ranar awo ki tafi da guda ɗaya ki nuna wa ma'aikaciyar da ke duba ki, in da hali ku tafi tare da Hajiya ta ji daga bakinsu. Ki kuma roƙe ta dabinon da ta zo da shi. Shi ne ayar ta ambata, kuma an taɓa gwada shi a wata jami'a a Urdun, aka wallafa a 2011: matan da suka riƙa cin dabino shida kullum a makonni huɗu na ƙarshe sun fi zuwa da naƙuda da kanta ba tare da an ɗaura musu ruwa ba. Ƙaramin bincike ne, mata ɗari da 'yan kai, amma dabino abinci ne da aka san shi. In an ce miki sukarinki ya hau a wannan cikin, ki fara tambaya a wurin awo kafin ki yawaita shi.

Sauran dunƙulen kuwa kada ki zubar. In kina so ki ga tsiron da ransa, yana yiwuwa, domin sau da yawa tsabar da ke ciki tana nan lafiya. Ki bari sai damina ta wuce sanyi ya shigo, don ruwan Agusta da danshinsa za su ruɓar da shi. Ki sami tukunyar ƙasa mai huda a gindi, ki cika ta da yashi da tsakuwa da 'yar ƙasa kaɗan, ban da taki. Ki jiƙa dunƙulen ya buɗe, ki riƙe shi a saman tukunyar ki riƙa zubo masa ruwa daga sama da buta har kin ga 'yan tsaba masu launin ƙasa-ƙasa sun faɗo. Kada ki binne su, a saman ƙasa suke so. Ki ajiye a inda rana ke bugu sosai, ki ba shi ruwa sosai sau ɗaya, sannan ki jira ƙasar ta bushe kafin ki ƙara. In ya yi fure, ki kira Hajiya ta ƙirga ganyen furen da kanta, za ta samu huɗu, sai ku tsinko furen lansir ku ajiye kusa da shi ku gwada. Bayan ya yi 'ya'ya ki daina ba shi ruwa gaba ɗaya, cikin 'yan makonni za ki ga ganyen na zuba, rassan na tattarowa ciki a hankali har su haɗe.